LiMux: Yadda birnin Munich ya rungumi Linux, ya yi shekaru da shi, sannan ya sake shi

Ranar 28 ga Mayu, 2003, majalisar birnin Munich, fadar jihar Bavaria a kudancin Jamus, ta yanke shawarar cire Windows daga kwamfutoci kusan 14,000 da ma'aikatan birnin ke aiki da su, a maye gurbinsa da Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta wadda kowa ke da damar karanta rubutunta ya gyara. A watan Nuwamban 2017 majalisar nan dai ta sake zama, ta ce a koma gidan jiya. A tsakanin waɗannan zama biyu, dubban ma'aikata, daga masu rajistar haihuwa da aure zuwa masu ba da izinin gini, sun yi shekaru suna kunna Linux kowace safiya suna sallamar jama'a da shi. Samun wuri irin wannan, inda mutanen da ba ruwansu da ilimin kwamfuta suka daɗe haka suna aikin yau da kullum da buɗaɗɗiyar manhaja, abu ne mai wuya. Shi ya sa har gobe masu son Linux da masu kushe shi duk Munich suke kafa hujja da shi, kowa na jan zaren zuwa inda ya fi masa daɗi.

Ra'ayina, bayan bin lamarin daki-daki, shi ne Linux bai gaza a Munich ba, amma kuma ma'aikatan da suka yi ta ƙorafi ba ƙarya suke yi ba. Abin da ya kayar da shirin yana cikin takardun da ke shigowa daga waje, da yadda aka rarraba ikon kula da kwamfutocin, da kuma ranar da shirin ya wayi gari ba shi da uba a gidan gwamnati.

Abin da ya tilasta musu zaɓi

A farkon shekarun 2000, kwamfutocin ofisoshin Munich suna kan Windows NT 4.0 ne. Microsoft ya sanar cewa zai daina kula da wannan babbar manhaja, wato ba sauran gyara, ba sauran toshe kofofin da ɓarayin intanet ke bi. Ke nan dole birnin ya matsa, ko yana so ko ba ya so, kuma ba shi ya zaɓi lokacin ba. Wannan ne ya tsaya wa wasu kansiloli a rai. Kwamfutocin suna aiki lafiya lau, amma wani kamfani a Amurka ya ce lokacinsu ya yi, sai a fitar da kuɗin jama'a a sayi sabon lasisi, a sayi sababbin injuna da za su iya ɗaukar sabuwar manhajar, bayan wasu shekaru kuma a sake maimaitawa.

Linux kuwa, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Finland a 1991, buɗaɗɗiyar manhaja ce: rubutun da aka gina ta da shi a fili yake, kowa na da damar karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu, ba tare da biyan kuɗin lasisi a kan kowace kwamfuta ba. A lokacin ya riga ya yi suna a manyan injunan da ke riƙe da shafukan intanet. A teburin akawu ko sakatare ne ba a gwada shi da yawa ba.

Birnin ya ɗauki kamfanin ba da shawara, Unilog, ya auna hanyoyin da ke akwai. Sakamakon bai nuna cewa Linux ya fi araha nan take ba. A lissafin kuɗin shekarun farko, zama da Microsoft ya fi sauƙi. Inda Linux ya yi gaba shi ne a ma'aunin dogon zango: wa ke da iko da lokacin sauyi, wa ke da iko da tsarin da ake adana takardun birni a ciki, kuma kamfanoni nawa ne za su iya neman kwangilar gyara. Yana da kyau a riƙe wannan, domin daga baya an yi ta gardama kamar tsimin kuɗi ne dalilin shirin, alhali tun farko ba a kansa aka gina shi ba.

Microsoft bai ɗauki abin da wasa ba. A watan Maris na 2003 shugaban kamfanin na lokacin, Steve Ballmer, ya katse hutun da yake yi a Suwizalan ya zo Munich da kansa don ganin magajin gari, Christian Ude na jam'iyyar SPD. An yi ta rage farashi har tayin ya sauko daga dala miliyan 36 da ɗoriya zuwa ƙasa da miliyan 24. Duk da haka majalisa ta zaɓi Linux. Ude ya ba da labarin wata tafiya da ya yi a mota tare da Bill Gates, inda Gates ya tambaye shi dalilin wannan mataki, ya ce masa 'yanci suke nema. Da Gates ya tambaya 'yanci daga wa, sai ya ce daga gare shi.

Shekara uku kafin a kunna ta farko

Yanke shawara daban, aiwatarwa daban. Sai a Yunin 2004 majalisa ta amince da cikakken tsarin ƙaura. Wata biyu bayan haka aka dakatar da komai na ɗan lokaci, saboda fargabar wata doka da Tarayyar Turai ke shirin yi kan mallakar fasahar manhaja, wadda ake tsoron za ta buɗe ƙofar kai masu amfani da Linux kotu. Majalisar dokokin Turai ta yi watsi da dokar a Yulin 2005. A shekarar ne kuma aka zaɓi Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, a matsayin tushen da za a gina manhajar birnin a kai, aka raɗa mata suna LiMux. Kwamfutocin farko, ciki har da na ofishin magajin gari, sun koma kanta a Satumban 2006.

Me ya jawo wannan jinkiri? Da masu aikin suka shiga ofisoshi, sai suka tarar ba tsari ɗaya za su sauya ba. Sassa 22 ne ke kula da kwamfutoci a birnin, kowanne da nasa salon. Wannan ma'aikata ta girka Windows ɗinta ta wata siga, waccan ta wata sigar. Babu kundi guda na sunayen ma'aikata da izinin kowa, babu wanda zai iya faɗa maka adadin manhajojin da ake amfani da su. Shugaban shirin, Peter Hofmann, ya sha bayyana cewa babban aikin da suka yi shi ne tattara wannan watsattsen gida wuri guda, kuma da Windows aka zaɓa ma sai an yi shi.

Mafi cin rai a ciki shi ne takardu. Shekara da shekaru ma'aikata suna ƙirƙirar samfuran wasiƙu da fom-fom a cikin Word da Excel, da yawansu ɗauke da makro, wato 'yan ƙananan umarni da ke cike gurbi ko yin lissafi da kansu. Wani ma'aikaci mai ɗan sani ya haɗa nasa shekaru da suka wuce, ya yi ritaya, ofis ya ci gaba da dogaro da shi ba wanda ya san yadda yake aiki. Irin waɗannan dubbai ne. Ba sa tafiya yadda ya kamata a OpenOffice, buɗaɗɗiyar manhajar rubutu da lissafi da za ta maye gurbin Word da Excel, don haka kowanne sai an duba shi: a sake rubutawa, a haɗe shi da wani, ko a jefar.

A nan ne shirin ya haifi abin da, a ganina, ya fi komai amfani a cikinsa, wata manhaja mai suna WollMux da aka ɗora a kan OpenOffice. A ɗauki ma'aikaciyar da za ta rubuta wa wani mazaunin birni amsar takardar da ya shigar. Da, sai ta nemo tsohuwar wasiƙa, ta goge sunan wancan ta sa na wannan, tana fatan ba ta manta lambar fayil ɗin wani a ciki ba. Da WollMux, tana danna maɓalli ɗaya sai takarda ta buɗe da tambarin birni, da sunan sashenta, da sunanta, da lambar ɗakinta da ta wayarta, duk an ɗebo su daga kundin ma'aikata. A gefe ga guraben da za ta cike: sunan mai takarda, adireshi, kwanan wata. Idan ta zaɓi cewa an amince da buƙatar, sakin layin da ya dace ya shigo da kansa, idan an ƙi, wanda ke bayanin hanyar ɗaukaka ƙara ya shigo. Idan tana rubutawa a madadin shugabanta ne, ta sauya sunan mai aikawa daga jeri, kan takardar gaba ɗaya ya sauya. In aka canza lambar wayar sashe, wuri ɗaya za a gyara, ba samfuri ɗari ba. Birnin ya saki WollMux ga kowa a 2008, wasu hukumomi ma suka ɗauka.

Dabarar da aka bi wajen ƙaurar ita ma mai hankali ce. Ba a fara da babbar manhajar ba. An fara saka wa mutane Firefox don shiga intanet, Thunderbird don imel, da OpenOffice don rubutu da lissafi, duk a kan Windows ɗin da suka saba da shi. Zuwa ƙarshen 2009 an gama wannan mataki, kuma ODF, buɗaɗɗen tsarin adana takardu, ya zama shi ne na hukuma a cikin gida. Ranar da aka zo sauya babbar manhajar, ma'aikaci ya tarar da kayan aikin da ya riga ya sani. Fuskar da aka zaɓa, KDE, tana da maɓallin farawa a ƙasa ta hagu da sandar ayyuka kamar yadda ido ya saba. A 2007 hukumar gwaji ta TÜV ta ba LiMux shaidar cewa ya cika ƙa'idar sauƙin amfani. Daga baya aka sauya tushe daga Debian zuwa Ubuntu, wani nau'in Linux, aka kuma bar OpenOffice aka koma LibreOffice, wadda ta samo asali daga gare ta.

A Disamban 2013 aka sanar da kammala shirin: kwamfutoci fiye da 14,800 suna kan LiMux, sama da abin da aka yi niyya. A 2012 birnin ya fitar da lissafinsa, inda ya ce da Windows da Microsoft Office aka bi, da an kashe kusan Yuro miliyan 34, amma LiMux ya ci kusan miliyan 23. Bambancin ya fito ne daga kuɗin lasisi da kuma injunan da ba a tilasta sauya su ba, tunda Linux na tafiya a kan tsofaffin kwamfutoci. Wani bincike da kamfanin HP ya yi wa Microsoft ya musanta wannan, ya ce LiMux ya haura miliyan 60, sai dai ba a fitar da cikakken binciken ga jama'a a lokacin ba, birnin kuma ya ce alƙaluman ba su da tushe. A shekarar 2013 ɗin ne ma birnin ya raba faya-fayan Ubuntu 2,000 kyauta a ɗakunan karatu, don mazauna gari da ke kan Windows XP, wanda za a daina kula da shi a Afrilun 2014.

Abin da ma'aikaci ke gani a teburinsa

Masu goyon bayan Linux sukan tsallake wannan ɓangare da sauri, kuma bai kamata ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Munich ba shi kaɗai yake aiki ba. Kullum takardu na shigowa daga gwamnatin jiha, daga ma'aikatun tarayya a Berlin, daga Tarayyar Turai, daga lauyoyi da 'yan kwangila, kuma kusan dukkansu da Word da Excel aka rubuta su. Ma'aikaci ya buɗe daftarin kwangila mai shafi arba'in a OpenOffice, sai ya ga jadawalin farashi ya zame ya haye shafi na gaba, salon harafin da aka yi amfani da shi babu shi a injinsa an musanya masa da wani mai faɗi, lambobin shafi sun goce daga abin da abokin aikinsa na waje ke gani. Ya yi gyara, ya adana, ya mayar. Can kuma aka buɗe a Word, alamomin da ke nuna wanda ya gyara me sun rikice. Aka bugo waya ana tambaya. Wannan mutumin ba ruwansa da tarihin yadda tsarin takardun Microsoft ya zama mai wuyar kwaikwayo, ko yadda aka yi ta jayayya kafin a amince da shi a matsayin ƙa'idar duniya a 2008. Abin da ya sani shi ne a gida kwamfutarsa na buɗe takardar daidai, a ofis ba ta yi.

Abin ya ƙara tsanani saboda sigar da ke hannun ma'aikata kan tsufa. Birnin ya daɗe a kan tsohuwar OpenOffice bayan duniya ta yi gaba, ya daɗe a kan KDE 3.5 bayan an fitar da na 4. Gyare-gyaren da masu haɗa LibreOffice suka yi don buɗe takardun Word da kyau sukan ɗauki dogon lokaci kafin su iso teburin akawu. Dalili kuwa, sashen tsakiya ne ke haɗa sabuwar siga, amma kowace ma'aikata ce ke yanke lokacin da za ta girka wa mutanenta. Sai ka ga an gyara matsala tun bara, amma wanda ke kuka da ita bai san an gyara ba.

Sai manhajojin ayyuka na musamman. Ofishin da ke ba da fasfo da katin ɗan ƙasa yana aiki da na'urar ɗaukar hoton yatsa da manhajojin da aka tsara don dukkan ƙananan hukumomin Jamus, kuma masu haɗa irin waɗannan Windows suke sa wa a gaba, tunda nan kasuwarsu take. Lokacin muhawarar 2017 an ambaci cewa birnin na amfani da manhajoji kusan 800, kuma kusan rabinsu ba sa tafiya a kan Linux kai tsaye. An yi dabaru: wasu aka mayar da su ta burauza, wasu ana gudanar da su daga uwar garke, wato babbar injin da sauran kwamfutoci ke haɗuwa da ita, mai Windows ana leƙowa daga nesa, wasu ofisoshin kuma aka bar musu Windows ɗinsu. Saboda haka birnin bai taɓa rabuwa da Windows gaba ɗaya ba. Tsari biyu yake ɗauke da su, kuma adadin injunan Windows ya yi ta ƙaruwa har ya haura dubu goma zuwa 2017.

Akwai kuma wani abu da ya shafi ɗabi'ar mutane. Kwamfutar ofis a ko'ina a kulle take: ba ka da izinin girka abin da ka ga dama. A 2015 wasu kansiloli biyu na jam'iyyar CSU suka shigar da ƙorafi cewa kwamfutocin tafi-da-gidanka da aka ba su ba su da amfani, domin ba za su iya saka Skype da makamantansa ba. Wannan doka ce ta masu kula da tsaro, da Windows ne ma haka za ta kasance. Amma tambarin da ke kan allo na LiMux ne, don haka shi ya sha zagin. Haka abin ya zama a ko'ina. Firinta ta ƙi aiki, LiMux. Shiga kwamfuta da safe ya ɗauki mintuna saboda cunkoson layin sadarwa, LiMux. A Disamban 2014 imel ɗin birnin ya tsaya na kwanaki, matsalar daga uwar garken wasiƙu take, ba ta shafi manhajar da ke kan tebura ba, amma a bakin mutane duk ɗaya ne.

Da kujera ta sauya hannu

Christian Ude ya yi shekara 21 yana magajin gari, daga 1993 zuwa 2014, kuma duk tsawon shirin shi ne garkuwarsa. Wanda ya gaje shi, Dieter Reiter, ɗan jam'iyyarsu ne ta SPD, amma ya taɓa kiran kansa mai sha'awar Microsoft, kuma ya kafa mulki ne da haɗin gwiwar CSU, wadda tun farko ba ta ƙaunar shirin. Mataimakinsa Josef Schmid na CSU ya fara sukar LiMux a fili tun watannin farko. Ɗaya daga cikin ƙorafe-ƙorafen da suka yi yawo a jaridu shi ne an ɗauki makonni kafin a haɗa wa shugabannin imel ɗin ofis a wayoyinsu, abin da ya shafi tsarin wasiƙu da tsaro, ba kwamfutar tebur ba.

Ana yawan haɗa wannan juyi da ƙaurar da Microsoft ya yi da hedikwatarsa ta Jamus daga garin Unterschleissheim zuwa cikin Munich, wadda aka sanar a 2013 aka kammala a 2016. Reiter, wanda ke riƙe da sashen tattalin arzikin birnin kafin ya zama magajin gari, yana cikin waɗanda suka yi aikin jawo kamfanin. Shi da Microsoft sun musanta cewa akwai alaƙa, kuma ba wanda ya kawo hujjar cewa an yi ciniki. Ni ban ga buƙatar zargin ba ma. Abin da ke a fili ya isa ya bayyana yadda aka yi.

Majalisa ta ɗauki kamfanin Accenture ya binciki harkar kwamfutocin birnin baki ɗaya. Masu suka sun nuna cewa Accenture abokin kasuwancin Microsoft ne na kusa, har suna da kamfanin haɗin gwiwa mai suna Avanade. Duk da haka, rahoton da ya fito a ƙarshen 2016 bai ce a watsar da LiMux ba. Inda ya fi nuna yatsa shi ne tsarin shugabanci. An raba aikin gida uku: wani sashe na tsara manufa, wani mai suna it@M na gudanar da injuna da haɗa manhaja, sannan kowace ma'aikata na da nata ƙaramin sashe. Idan abu ya lalace, ma'aikaci bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, kowane sashe kuma na iya tura shi gaba. Rahoton ya kuma nuna cewa injunan Windows da ke birnin su ma a warwatse suke, sigogi iri-iri, wasu sun tsufa. Shawararsa ita ce a gyara shugabancin, a haɗa tsarin Windows guda na zamani ga masu buƙatarsa, a kuma riƙa mayar da manhajoji ta burauza yadda ba za su damu da wace babbar manhaja ke ƙasa ba.

'Yan siyasa suka ɗauki abin da ya yi musu. A Fabrairun 2017 kansilolin SPD da CSU suka gabatar da ƙudurin a koma Windows kacokan, majalisa ta amince a tsara yadda za a yi. Shugaban it@M na lokacin, Karl-Heinz Schneider, ya fito ya ce ba su ga wani dalili na fasaha da ya tilasta wannan sauyi ba, kuma an riga an warware yawancin matsalolin dacewar manhajoji. Jam'iyyar masu kare muhalli ta yi adawa. A Nuwamba aka kaɗa ƙuri'ar ƙarshe: Windows 10 a kan dukkan kwamfutocin birnin, kusan 29,000, a kan kuɗi Yuro miliyan 49.3, cikin wani babban shirin gyaran harkar kwamfutoci na kusan miliyan 89.

A nan nake ganin an yi kuskure. An ware fiye da ninki biyu na abin da birnin ya ce LiMux ya ci, don magance ciwon da likitan da aka ɗauko ya ce ba a nan yake ba. An kuma yi watsi da ƙwarewar da ma'aikatan birnin suka tara cikin shekara goma sha, mutanen da suka iya haɗa babbar manhaja da hannunsu, suna aika gyara zuwa LibreOffice da KDE, har birnin ya samu kujera a kwamitin ba da shawara na gidauniyar da ke kula da LibreOffice a 2015. Sai dai masu shirin su ma suna da nasu kason. Sun ɗauki Disamban 2013 a matsayin ranar gamawa, alhali a ranar ne aikin lallashin masu amfani da sabunta musu kaya a kan kari ya kamata ya ƙara ƙarfi. Ma'aikaci da ya yi shekara biyar yana fama da takardar da ke rikicewa ba zai fito kare shirin ba ranar da aka zo rushe shi, kuma ba su fito ba.

Me ya sa wasu suka ɗore

Munich ba shi kaɗai ya ja da baya ba a Jamus. Ma'aikatar harkokin waje ta bar Linux a kan tebura a 2011, birnin Freiburg ya bar OpenOffice a 2012, jihar Lower Saxony kuma ta yanke a 2018 cewa ofisoshin harajinta su koma Windows. A kowanne, maganar musayar takardu da sauran hukumomi ta fito.

Amma a tsallaken iyaka akwai jandarmomin Faransa. Sun bi matakai kusan irin na Munich: OpenOffice a 2005, Firefox da Thunderbird a 2006, sannan a 2008 suka yanke komawa Ubuntu, suka haɗa tasu sigar mai suna GendBuntu. Yau tana kan kwamfutoci fiye da 100,000, kuma ba a juya ba. Bambancin ba a manhajar yake ba, tushensu ɗaya da na LiMux. Jandarma rundunar da ke da shugabanci guda ce, umarni daga sama yake saukowa, sashe ɗaya ke yanke ranar da kowa zai karɓi sabuwar siga. Manyan manhajojin aikinsu nasu ne, sun mayar da su ta burauza tun da wuri. Yawancin takardunsu a tsakaninsu suke yawo. Kuma ba a sake zaɓen shugabanninsu duk bayan shekara shida. Birni kuwa ayyukansa ɗaruruwa ne, daga makabarta zuwa gidan yara, kowanne da manhajarsa da hukumar waje da yake hulɗa da ita.

Munich ɗin ma tsugune ba ta ƙare ba. Bayan zaɓen 2020, masu kare muhalli suka zama mafi rinjaye a majalisa, suka ƙulla ƙawance da SPD, Reiter na nan a kujerarsa. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu a watan Mayu ta ce birnin zai fifita buɗaɗɗiyar manhaja da buɗaɗɗun ƙa'idoji duk inda fasaha da kuɗi suka ba da dama, kuma manhajar da aka haɗa da kuɗin jama'a a sake ta ga jama'a. Ba a dawo da LiMux kan tebura ba, ƙaura zuwa Windows ta ci gaba. Abin da ya sauya shi ne birnin ya buɗe ofishi na musamman don harkar buɗaɗɗiyar manhaja, yana kuma wallafa rubutun manhajojin da ma'aikatansa ke haɗawa.

Windows 10 ɗin da aka kashe waɗancan miliyoyi don komawa kansa, Microsoft ya daina kula da shi ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ya hawa kan injunan da ba su da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. A can arewacin ƙasar, jihar Schleswig-Holstein ta yanke a Afrilun 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 na ma'aikatanta kan buɗaɗɗun manhajoji. Ta fara da LibreOffice, ta bi da imel, wanda aka gama kwashe akwatuna fiye da 40,000 daga Exchange da Outlook zuwa Open-Xchange da Thunderbird a Oktoban 2025, bayan makonni na ƙorafi daga alƙalai da sauran ma'aikata kan wasiƙun da ke makalewa. Linux a kan tebur shi aka ajiye a matakin ƙarshe.